Kowace halitta da agogonta a lambun shaƙatawa

Akwai wani gawo da na yi shekaru ina bi ta gindinsa a lambun shaƙatawar da nake zuwa. A tsakiyar damina, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, ciyawa ta kai gwiwa, shi yana tsaye ba ganye ko ɗaya, sai fararen rassa da ƙaya, kamar wanda ya mutu a tsaye. Na taɓa jin wani mai aikin lambun yana cewa gara a sare shi tun bai faɗo wa wani a ka ba. Da ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kaɗe ganye, sai ga shi ya tofo, ya yi fure, ƙudan zuma suka yi masa caa tun daga hantsi har la'asar. Wanda ya zo lambun sau ɗaya a watan Agusta zai koma da labarin mataccen itace. Wanda ya zo sau ɗaya a Janairu zai ce duk lambun babu itace mai lafiyarsa. Kowannensu ya gani da idonsa, amma a cikinsu babu wanda ya san gawon nan, domin saninsa sai an yi ta dawowa.

Lura da ranakun da abubuwa masu rai suke yin abin da suka saba yi kowace shekara, wato ranar tofo, ranar fure, ranar zuwan tsuntsu da ranar tafiyarsa, fanni ne na ilimi mai zaman kansa. Fenoloji ake ce masa, sunan da wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Charles Morren, ya raɗa masa a 1849. Amma aikin ya girmi sunan. Tun a 1736 wani mai gonaki a yankin Norfolk na Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta alamu 27 na shigowar bazararsu, wato lokacin da sanyin hunturu ke wucewa ɗumi ya fara shigowa: ranar da itatuwa iri-iri suka fitar da ganye, ranar da aka fara jin kukan kwaɗi, ranar da aka fara ganin tsattsewa. Bayan rasuwarsa zuriyarsa suka ɗora, ba su daina ba sai 1958. Sama da shekara ɗari biyu ke nan gida ɗaya yana kallon wuri ɗaya. Babu wata na'ura da ya yi amfani da ita wadda ta fi ƙarfin wanda ke karanta wannan rubutu. Ido ne, da alƙalami, da naci.

Abin da mai naci yake fara ganowa shi ne halittun da ke lambu ɗaya ba agogo ɗaya suke bi ba. Muna cewa damina ta shigo ko hunturu ya kama kamar wata ƙofa ce da ake buɗewa kowa ya shiga a lokaci guda, alhali kowace halitta da alamar da take jira.

Wasu haske suke jira. Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23.4, shi ya sa tsawon yini yake ƙaruwa yana raguwa a cikin shekara, kuma bambancin yana ƙara yawa gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya. Wannan agogo ba ya gaba ba ya baya. Tsawon yinin 10 ga Afrilun bana daidai yake da na 10 ga Afrilun shekara ɗari da ta wuce. A 1920 wasu masu bincike biyu na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa wani irin taba da waken suya ba sa fure sai yini ya gajarta zuwa wani gwargwado, komai girman da suka yi. Daga baya aka gane cewa tsawon dare ma tsiron yake aunawa. Tsuntsaye masu ƙaura da yawa su ma da irin wannan alama da kuma wani lissafi na cikin jikinsu suke sanin lokacin tara kitse da tashi.

Wasu kuma zafi suke jira. Ƙwari ba su da ɗumin jiki na kansu, don haka ƙyanƙyasar ƙwansu da girman tsutsarsu sun rataya ne a kan ɗumin wuri. Shekarar da zafi ya zo da wuri, su ma da wuri za su fito. A ƙasashen da ake ƙanƙara, itatuwa da dama sai sun sha wani adadi na sanyi tukuna ɗumi zai iya tashinsu, wanda hakan ke kare su daga ruɗin 'yan kwanakin ɗumi a tsakiyar hunturu.

A ƙasashe masu zafi, inda tsawon yini bai cika sauyawa sosai ba, ruwa ne babban mai kiran sallah. Kuma a nan ne na fi son in daɗe, domin wanda bai taɓa tsayawa a lambu da yammacin ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ba, akwai abin da bai gani ba.

Ƙasa tana tashin ƙamshi, iska ta lafa. Can sai ka ga wani ɗan rami a gefen hanya, wanda ka taka sau ɗari ba ka san da shi ba, yana amayo shinge. Da ɗai-ɗai suke fara fitowa, fukafukai huɗu suna rawa, kafin ka ankara sun zama kamar hayaƙi. Gara ce ta yi watanni tana renon waɗannan masu fukafukai a ƙarƙashin ƙasa, tana jiran ƙasa ta yi laushin da sabon ango da amarya za su iya haƙa gida. Cikin 'yan mintuna labari ya kai ko'ina. Shirwa tana shawagi ƙasa-ƙasa tana cafke su da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ba. Tsattsewa suna tsaga iska. Ƙadangaru sun sauko daga katanga suna gudu da tsalle, jan gwada a gaba, kansa ya ƙara ja. Kwaɗin da suka yi rani a binne sun fito sun jeru ƙarƙashin fitila. Washegari da safe abin da za ka tarar kawai shi ne fukafukai zube a ƙasa suna ƙyalli, tururuwa na jan ragowar. Wanda ya zo da hantsin ranar zai ce ba abin da ya faru. Amma a wannan maraice guda tsuntsaye masu shirin ƙwai suka samu kitsen da za su yi shi.

Shamuwa ma ruwan take bi, sai dai ita daga nesa. Tana yin watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ake damina, sannan ta ƙetaro tsakiyar duniya ta iso yankin Sahel daidai faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsi. Ba ta san iyakar ƙasa ba, layin ruwan sama take bi yayin da yake hawa arewa yana gangarawa kudu a bayan rana.

Sai dai ko a nan lamarin bai tsaya ga ruwa kaɗai ba. Mai lura zai ga itatuwa da yawa suna fitar da sabon ganye ja-ja a tsakiyar zafin bazara, tun ba a ga ɗigon ruwa ba. Da ruwan da suka adana a jiki da wanda saiwa ke jawowa suke yin wannan caca, domin ruwa ya same su a shirye. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma itatuwan nan tun Laraba suke shiri. Rimi yakan yi furensa da rani bayan ya kaɗe ganye, kuma da dare furen ke buɗewa, jemagu ne baƙinsa. Furen kuka, fari mai reto a doguwar igiya, da magariba yake buɗewa, kafin yammacin gobe ya yi yaushi ya soma zama ruwan ƙasa. Shi kuwa gawo, doguwar saiwarsa tana kaiwa ga ruwan da ke can ƙasa, shi ya sa yake iya riƙe ganye a lokacin da kowa ya zubar, furensa ya zama kusan shi kaɗai ne abincin zuma a wurin.

To, me ya sa wannan bambancin agogo ya zama abin damuwa? Saboda halittun nan da juna suke rayuwa. Muddin haske da zafi da ruwa suna tafiya tare kamar yadda suka saba, mai ci da abin ci za su haɗu a kan lokaci. Idan ɗaya ya matsa gaba ɗaya ya tsaya, sai a yi saɓani.

Misalin da aka fi bin diddiginsa daga Holan ya zo. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi da fari mai cafke ƙwari a iska, wanda yake yin hunturu a Afirka ta Yamma, ya koma dazuzzukan Turai ya yi ƙwai. Da tsutsotsin da ke cin sabon ganye yake ciyar da 'ya'yansa, su kuwa tsutsotsin yawansu na 'yan makonni ne kawai. Da bazarar Turai ta riƙa yin ɗumi da wuri, ganye ya riƙa fitowa da wuri, tsutsa ta bi shi. Amma tsuntsun da ke zaune a wata bishiya a Afirka ba shi da labarin ɗumin da ake yi a Holan, da nasa agogon yake tashi. A 2006 Christiaan Both da abokan aikinsa suka wallafa cewa a dazuzzukan da tsutsa ta fi saurin fitowa, yawan wannan tsuntsu ya ragu da kimanin kashi 90 cikin ɗari a shekara ashirin, alhali a inda tsutsar ke jinkiri bai ragu sosai ba. Ba harbinsa aka yi ba, ba kuma sare dajin aka yi ba. Ya dai iso ne bayan an nannaɗe tabarma.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a kowane shinge ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku ko fiye, a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya fara a yankin Sahel ne ya ci su a inda suke yin hunturu. Wannan yana nufin ɗan tsuntsun da ka gani yana tsalle a ƙayar lambunku a watan Nuwamba, wanda babu shi a Yuli, wataƙila Sahara ya ƙetaro, kuma wani a wata ƙasa yana jiran dawowarsa. Mutane sun daɗe ba su san haka ba. A Turai har masana sun taɓa yarda cewa tsattsewa a cikin laka take kwana duk hunturu. A 1822 aka harbo wata babbar 'yar uwar shamuwa, fara mai jan baki, kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka mai tsawon fiye da kamu ɗaya soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Sai a 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, aka soma sanin wane ne ya je ina.

Abin da ke damuna shi ne kusan duk dogayen rubuce-rubucen nan daga ƙasashe masu sanyi suke. A Japan, Yasuyuki Aono ya tattaro ranakun cikar furen wani itace da ake kira sakura a birnin Kiyoto daga tsoffin littattafan fada da na wuraren ibada, tun daga shekara ta 812. A 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, kuma a duk tsawon shekara dubu da ɗari biyun da suka gabace ta ba a taɓa rubuta cikarsa da wuri haka ba. Mutanen da suka rubuta waɗannan ranaku ba su san wa zai amfana da su ba. A ƙasashe masu zafi irin wannan rubutu kaɗan ne ƙwarai, kuma inda aka yi shi abin da ya nuna ba ƙarami ba ne. A gandun dajin Lopé na Gabon, tun 1986 ake zagaya itatuwan da aka yi wa alama wata-wata ana duba ganye da fure da 'ya'ya. A 2020 Emma Bush da abokan aikinta suka bayyana cewa 'ya'yan itatuwan sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1986 da 2018, kuma hotuna sun nuna giwayen dajin sun rame. An kuma lura a can cewa wasu itatuwan ba sa fure sai sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 19. Ba don wasu sun jure zagayen nan shekara talatin ba, da dajin zai ci gaba da zama kore shar a ido, babu mai cewa komai ya canja.

Tunanin ɗan Adam ba abin dogaro ba ne a wannan fage, shi ya sa nake nacewa a kan rubutu. Kowane ƙarni yana ɗaukar abin da ya buɗe ido ya gani a matsayin yadda duniya take. Masanin kifi Daniel Pauly ya yi bayanin wannan a 1995. Misali, yaron da ya taso ya ga shamuwa biyar a lambu, biyar ce cikar lambu a wurinsa, ba zai yi kewar hamsin ɗin da kakansa ya sani ba. Raguwar da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba ta da ranar da za a ce yau ta faru. A Jamus, wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta birnin Krefeld, waɗanda yawancinsu ba sana'arsu ke nan ba, sun yi ta kafa tarko iri ɗaya suna auna nauyin ƙwarin da suka kama daga 1989 zuwa 2016. Da aka haɗa lissafin wurare 63, sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari, kuma a wuraren da doka ta kare ne.

Duk da haka, mai kallon lambu ya kamata ya yi hattara da gaggawar yanke hukunci. Lambun shaƙatawa ba daji ba ne. Ana ba shi ruwa da rani, don haka itacen da ya riƙe ganyensa har Maris wataƙila tiyo ne ya riƙe masa. Kwalta da siminti suna riƙe zafi, cikin gari ya fi bayan gari ɗumi, musamman da dare. Fitilu ma suna da nasu tasiri: wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2016 ya nuna itatuwa a wuraren da hasken dare ya yi yawa suna iya tofowa kimanin mako guda kafin na wurare masu duhu. Da yawan itatuwan lambu kuma baƙi ne da aka kawo daga wasu nahiyoyi, da halinsu na can suka zo. Sannan akwai kuskuren da ke jikin mai kallon kansa. Idan bara kana zuwa kullum, bana kuma sau ɗaya a mako, to ranar da ka fara ganin shamuwa bana za ta iya yin baya da kwana shida ba tare da shamuwar ta makara ba. Don haka ranar da ka je ba ka ga komai ba ita ma a rubuta ta, darajarta ɗaya da ranar da ka gani. Kuma shekara ɗaya da ruwa ya makara ba ta isa a ce yanayi ya sauya ba, domin dama shekaru ba sa zuwa iri ɗaya. Sai an jera goma, ashirin, kafin a ga inda aka dosa.

Aikin kansa ba shi da wuya. Hanya ɗaya za ka riƙe, lokaci ɗaya na yini, itatuwa biyar ko shida da ka san su ɗaya-ɗaya, ba irinsu kawai ba, domin rimi biyu a lambu ɗaya suna iya saɓawa da makonni. Hoto daga wuri ɗaya kowane mako yana nuna abin da ido ke mantawa. Wanda bai san sunan tsuntsu ba ya rubuta kamanninsa, suna zai zo daga baya. Manhajoji irin su eBird, wadda aka buɗe a 2002, da iNaturalist suna karɓar irin wannan bayani su haɗa shi da na dubban mutane, kuma bayanin da ya fito daga wurin da ba mai aikowa ya fi kowane amfani.

Wanda ya yi shekara biyu yana wannan zagaye, kallonsa ga gyaran lambu zai canja, ni dai nawa ya canja. Busasshen ganyen da ake sharewa a ƙone da rani, a ƙarƙashinsa ƙwari da yawa suke jiran ruwa, kuma nan bushiya take fakewa. Ciyawar da ake yankewa tun ba ta yi kai ba, 'ya'yanta ne abincin ƙananan tsuntsaye da kaka. Busasshen reshen da ake ganin ya ɓata kyan wuri, koginsa gidan wani ne. Ba cewa nake a bar lambu ya zama kurmi ba, yara na wasa a ciki, tsofaffi na tafiya, dole a share hanya a kuma cire reshen da zai faɗo. Amma kusurwa ɗaya da za a bari sai bayan kaka a yanke, da ɗan jinkirta sassabe har tsuntsaye su fitar da 'ya'ya, ba za su rage wa kowa jin daɗi ba, sai dai a san lokacin, kuma mai zuwa yana rubutawa shi ne zai iya faɗin lokacin.

Gawon nan dai ba a sare shi ba. Na nuna wa mai aikin lambun hotunansa guda biyu a waya, na Agusta da na Janairu, ya daɗe yana kallo yana komawa daga wannan zuwa wancan. A makon da ya wuce na tarar kwasfarsa masu launin lemo, a murɗe kamar kunne, sun fara zubowa, kurege ya ɗauki ɗaya ya haye katanga da ita. Na rubuta ranar a ƙarƙashin ta bara.